Ina Son Zaga Indiya a Jirgin Ƙasa Ni Kaɗai, Amma Hajiya Ta Hana

Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne, shekarata 24, ina shekara ta biyu a wata jami'a kusa da Delhi a Indiya. Tun da na zo ban san ko'ina ba sai aji, ɗakin kwana da kasuwar da muke sayen shinkafa. Saura wata takwas in kammala in dawo gida, kuma raina yana ɓaci idan na tuna zan bar ƙasar nan ban gan ta ba. A hutun Disamba muna da mako uku. Na tsara in ɗauki jakar goyo in zaga a jirgin ƙasa ni kaɗai: Agra, Jaipur, Mumbai, Hyderabad, Kolkata, Varanasi, in dawo Delhi cikin kwana 18. Na tara rupi 30,000 daga kuɗin abincin da yayana yake turo mini. Don su isa, zan riƙa yankar tikiti mafi araha a tasha ranar tafiya, in riƙa kwana a gidajen 'yan gari da ake samu a shafukan karɓar baƙi kyauta. Har wani mutum a Jaipur ya ce in zo in yi kwana uku a wurinsa. Yana da kirki sosai, ya ce yana sayar da duwatsu masu daraja kuma yana son 'yan Afirka. Ya ce mu koma hira a WhatsApp, in tura masa hoton fasfona.

Da na gaya wa Hajiyarmu sai ta fashe da kuka, ta ce ba ta yarda ba, ta ji ana dukan baƙaƙen fata a can. Yayana, wanda shi ke biyan kuɗin makarantata tun rasuwar mahaifinmu, ya ce karatu aka tura ni ba yawon buɗe ido ba. Abokin ɗakina ya ce in yi tafiyata shiru, ai waya ce kawai ke haɗa mu da gida. Ban taɓa yi wa Hajiya ƙarya ba, amma ina ganin ba su fahimce ni ba. In tafi a ɓoye, ko in haƙura?

Wani ɗalibi, daga Indiya

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ajiye mini hanya biyu ka ce in zaɓar maka, ni kuma ba zan ɗauki ko ɗaya ba. Tafiya a ɓoye ba ta dace da kai ba, haƙura gaba ɗaya kuma asara ce. Burinka mai kyau ne. Wanda ya yi shekaru a ƙasar mutane bai san komai ba sai hanyar aji, zai dawo da takardar shaida amma ya bar wani karatun a can. Sai dai tsarin da ka zayyana mini, da ni ne yayanka, wallahi ni ma da na hana. Tsarin za mu gyara, sannan ka koma musu da shi.

Kukan Hajiya yana da tushe. A watan Maris na 2017, a Greater Noida da ke gefen Delhi, gungun mutane sun far wa ɗalibai 'yan Najeriya da duka, bayan an yaɗa zargin da ba shi da hujja cewa suna da hannu a mutuwar wani yaro ɗan unguwar. Bidiyon ya zaga intanet. Macen da ta rasa mijinta, ɗanta kuma yana inda ba ta iya zuwa, idan ta ji "ni kaɗai" da "gidan wanda ban sani ba" a numfashi ɗaya, abin da zai faɗo mata a rai ke nan. Kada ka ce mata babu komai. Kai ma ka san irin kallon da ake bin ka da shi a kasuwa, ka san mai gidan hayar da yana jin Najeriya zai ce an kama ɗakin. Ka kuma san tsohuwar da za ta matsa maka wuri a mota ta tambaye ka ko ka ci abinci. Hajiya za ta fi natsuwa da ɗan da ya san haɗarin ya yi masa shiri, a kan wanda yake musa shi.

Shawarar abokin ɗakinka kuwa, ka kwatanta yadda za ta kasance. Hajiya ta kira bayan la'asar kamar yadda ta saba, kana cikin tarago, jirgi yana kaɗawa, mai shayi yana ratsowa yana ƙwala "chai, chai", ta ce kana ina? Ba ƙarya ɗaya za ka yi ba, kullum sai ka yi sabuwa har kwana 18, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Ban da wannan, babban abin da ke tsare matafiyi shi kaɗai shi ne a ce akwai wanda ya san inda ya kamata ya kwana yau, wanda hankalinsa zai tashi in bai ji shi ba. Ɓoyewa ita ke cire maka wannan. In an sace wayarka a Mumbai, ko zazzaɓi ya kwantar da kai a Varanasi, kwana nawa za a yi kafin a fara neman ka, kuma daga wane gari za a fara? Abokinka ba mugu ba ne, so yake ka ji daɗi, kuma akwai aikin da ya fi wannan da za mu ba shi.

Yayanka maganarsa ta kuɗi ce da nauyi, ko da bai fito ya faɗa ba. Shi ne yake canza naira zuwa rupi kowane wata, ka kuma san abin da naira ta zama tun 2023. Kai ka matse cikinka ka tara rupi 30,000 ɗin nan, ban musa ba, amma don abinci ya turo su. In ya ji daga baya cewa sun tafi a tikitin jirgi, abin da zai fahimta shi ne ashe yana turo fiye da buƙata, alhali wataƙila ya hana nasa 'ya'yan wani abu. Ka gaya masa da bakinka nawa ka tara da yadda ka tara, ka ce ba ka neman ƙarin ko kwabo. Ka haɗa masa da sakamakon jarrabawarka ta baya, domin wanda ya ce karatu aka tura ka, takardar sakamako ce amsarsa.

Yanzu ga hanya. Zagayen da ka zana ya haura kilomita 5,000. Daga Hyderabad zuwa Kolkata kaɗai sa'a 24 ba ta isa, daga Jaipur zuwa Mumbai kuma dare ne cur da wani ɓangaren yini. In ka haɗa duka, kusan kwana huɗu za ka yi a tarago ko da komai ya tafi daidai, a Disamba kuwa ba ya tafiya daidai. Daga tsakiyar watan zuwa Janairu hazo mai kauri yakan rufe Delhi, Uttar Pradesh da Bihar, jirage su koma rarrafe, a yi jinkirin sa'a shida ko goma, wasu a soke su. Layin da zai dawo da kai daga Kolkata ta Varanasi a tsakiyar hazon yake.

Ka rage shi zuwa Delhi, Agra, Jaipur, Ajmer, ka dawo Delhi. Kwana takwas ko tara sun isa, babu zangon da ya wuce sa'a bakwai ko takwas. Jirgin Gatimaan yana tashi daga tashar Hazrat Nizamuddin da ƙarfe 8:10 na safe, cikin minti 100 kana Agra. Kada ka sa ranar a Juma'a, domin Taj Mahal a rufe yake ga masu ziyara ranar, shi ma jirgin ba ya tafiya. Kuɗin shiga na baƙo ya haura rupi 1,000, ka ware su tun yanzu. Agra zuwa Jaipur sa'a huɗu zuwa biyar ne, Jaipur zuwa Ajmer kamar biyu. A Ajmer kabarin Shehu Mu'inuddin Chishti yake, wanda ya rasu a 1236, kuma a unguwar da ke kewaye da shi masallaci da naman halal ba sa wuya. In wannan zagaye ya tafi lafiya kuma kuɗi sun ragu, ka huta kwana biyu a ɗakinka, ka gwada jirgin dare guda ɗaya zuwa Lucknow, kimanin kilomita 500, ka ga ginin tarihi na Bara Imambara da aka gina a 1784. Ko ta yaya, ka kasance a makaranta kwana uku kafin a koma aji.

Maganar yankar tikiti ranar tafiya ita ce za ta fi wahalar da kai. Abin da galibi ake samu ranar shi ne taragon gama-gari wanda babu kujerar kowa a ciki: mutane a ƙasa, a kan maratayar kaya, a bakin banɗaki. Ana iya jure shi na sa'a ɗaya ko biyu, amma ba wurin mai ɗauke da fasfo da kuɗinsa duka ba ne. Araha ba ta ado. Tun 1 ga Nuwamba 2024 ana buɗe sayar da tikitin kujera kwana 60 kafin tafiya, wato na 20 ga Disamba yana fitowa wajen 21 ga Oktoba. Ka saya a manhajar IRCTC, ta sayar da tikitin jiragen ƙasan Indiya, ko a tagar tasha, ka sayi na dukkan zangunan kafin ka fita daga ɗaki. Bayan ka biya ka duba abin da aka rubuta. CNF shi ne tabbatacce, da lambar tarago da ta gado. RAC za ka hau, amma ku biyu za ku raba gadon ƙasa na gefen hanya, a zaune. WL layin jira ne, kuma in tikitin na intanet ne aka fitar da jerin fasinjoji sa'o'i kafin tashi bai tabbata ba, sokewa yake da kansa a mayar maka da kuɗi. Wanda ya hau da shi daidai yake da marar tikiti, tara ce ke jiran sa. Mutane za su ce maka ai akwai Tatkal, tikitin gaggawa da ake buɗewa ana gobe tafiya, ƙarfe 10 na safe ga taragai masu na'urar sanyi, ƙarfe 11 ga sauran. Yana da tsada, cikin mintuna yake ƙarewa, in ka fasa ba a mayar da kuɗin tabbatacce, kuma tun Yulin 2025 ba a sayen sa ta intanet sai da asusun da aka haɗa da Aadhaar, katin shaidar mazauna Indiya. Kada ka gina tafiyarka a kansa.

Da rana ka ɗauki CC, taragon kujeru. In za ka yi na Lucknow da dare, ka ɗauki 3A, taragon gadaje mai na'urar sanyi, ko da kuɗinsa ya ninka na SL, taragon gadaje marar na'ura, fiye da biyu. Tagogin SL ba sa tare iska, ba a ba da bargo, daren Disamba a wannan yankin kuwa yakan sauka ƙasa da digiri 5. A 3A za ka tarar da zanen gado biyu, bargo da matashi. Ka nemi gadon sama. Na ƙasa kujerar kowa ne da rana, na tsakiya a naɗe yake sai ƙarfe 10 na dare, na sama kuwa naka ne duk lokacin da ka so, kuma hannun mai wucewa ba ya kai masa cikin sauƙi. A ƙarƙashin gadon ƙasa akwai zobban ƙarfe. Ka sayi sarƙa da kwaɗo, ana sayarwa a tasha, ka ɗaure babbar jakar a nan. Fasfo, waya da kuɗi su kwana a jikinka cikin ƙaramar jaka ƙarƙashin riga, har banɗaki da su za ka shiga. Jakar goyon kada ta wuce lita 40 da kilo 10: kaya kala uku, rigar sanyi mai kauri, silifas, ƙaramar sallaya, fawa-bank, tocila da ƙullin gishiri da sukari na gudawa.

Abu ɗaya zai yi maka nauyi saboda tarbiyyarmu. Iyalin da kuke zaune tare za su buɗe kwanon abinci su miƙo maka, mafi yawansu da zuciya ɗaya. Amma hukumar jiragen da kanta tana gargaɗi kan masu zuba maganin barci a biskit, shayi ko lemo, mutum ya farka a wani gari babu jaka babu waya. Ka dafa ƙirji ka yi godiya, ka ce cikinka ba ya maka daɗi. Shayinka ka saya da hannunka daga mai talla, ruwa ka duba hatimin murfin gorar. Abincin da ke da ɗigo kore a cikin ɗan akwati babu nama a ciki, shi ya fi maka kwanciyar hankali a hanya. Kasaru ta halatta maka a duk waɗannan zangunan muddin ba ka yi niyyar kwana huɗu a gari ɗaya ba, don haka ka tsara sallolinka kafin hawa da bayan sauka, kada ka tare hanyar tarago da sallaya. Lambar 139 ta taimakon jiragen ƙasa ce, 112 ta gaggawa.

A tasha, ka karanta sunan da ke tikitinka sau biyu. Delhi tana da manyan tashoshi da dama: New Delhi, Old Delhi, Hazrat Nizamuddin, Anand Vihar, Sarai Rohilla, kuma mutane da yawa sun rasa jirgi don sun je wadda ba ita ba. Haka Agra, akwai Agra Cantt akwai Agra Fort. A bakin tashar New Delhi akwai 'yan kamasho masu tare baƙo su ce an soke jirginsa ko an rufe ofis, su kai shi wani shago a yanka masa mota da tsada. Mai duba tikiti na gaskiya galibi a cikin jirgi yake tambayar ka. Ka wuce, ka duba allon tasha da idonka.

Mu zo kan mutumin Jaipur, inda hankalina ya fi tsayawa. Ba zan ce maka mugu ne ba. Jaipur cibiyar sassaƙa duwatsu masu daraja ce ta gaske, dubban mutanen kirki suna ci da wannan sana'a. Amma a garin ne kuma aka san wata tsohuwar damfara da ake yi wa matafiya, kuma da kirki take farawa. A ciyar da kai, a zaga da kai gari a babur, a kira ka ɗan'uwa. A kwana na biyu ko na uku sai a kawo 'yar alfarma: wai harajin fitar da kaya ya yi musu yawa, ka taimaka a aika wasu duwatsu da sunanka, ko ka tafi da su ƙasarku wani ya karɓa ya ba ka lada mai tsoka, sai dai ka ajiye ɗan kuɗin jingina da katinka. Duwatsun gilashi ne, mai karɓar kuma babu shi. Wanda ya ci ya kwana kyauta kwana uku kunya takan hana shi cewa a'a, da wannan kunyar suke aiki. A wasiƙarka abu uku sun haɗu: sana'ar duwatsu, janye ka daga shafin zuwa WhatsApp inda babu mai ganin hirar, da neman hoton fasfo tun ba ku haɗu ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kada ka tura fasfon. Ka gaya masa ka kama masauki, amma za ka so ku sha shayi da rana a wurin jama'a. Mutumin kirki zai ce madalla. In ya fara matsa maka ko ya yi fushi, ya ba ka amsa.

Ka riƙe wannan ko a gidan wa ka sauka: ba ka ɗaukar wa kowa saƙo, ko ƙullin magani ne aka ce a kai wa tsohuwa a gari na gaba. Dokar miyagun ƙwayoyi ta Indiya ta 1985 tana ɗaure mutum shekara 10 zuwa 20 kan adadi mai yawa, beli yana da matuƙar wuya, kuma mai koren fasfo irin namu ba a yi masa kyakkyawan zato.

Sauka a gidan ɗan gari ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fataken da suke zuwa Gonja sayen goro a gidan mai masauki suke sauka a Salaga, amma mai masaukin sananne ne, madugu ya san shi, in wani abu ya sami baƙo an san ƙofar da za a buga. Irin wannan za ka nema, kuma yana cikin ajinku. Shekara ta biyu ke nan kana zama da 'yan Indiya. A cikinsu akwai ɗan Jaipur, ɗan Lucknow, ko mai kawu a Agra, kuma su ma gida za su tafi hutu. Ka ce wa ɗaya kana son ganin garinsu. Gidan da ɗansu zai dawo aji ɗaya da kai a Janairu ya fi amincin duk wani shafi, kuma Hajiya tana iya gaisawa da mahaifiyarsa ta bidiyo ko da da hannu da murmushi ne. In ka ga sai ka gwada shafukan nan irin su Couchsurfing ko BeWelcome, ka zaɓi mai iyali, wanda baƙi daga ƙasashe daban-daban suka yi wa shaida cikin shekaru, shaidar da ta faɗi abin da aka ci da inda aka kwana. Ka buɗe shafukan masu shaidar ka ga ko mutane ne na gaske. Hira ta tsaya a kan shafin, haɗuwar farko da rana a waje, ka isa gidan kafin magariba, kuma kana da gadon da ka kama a wani masaukin matafiya wanda za ka iya komawa cikin daren in ranka bai kwanta ba. Ba sai ka ba da dalili ba, ka ɗauki jakarka ka yi sallama.

Masaukin ma sai ka kira tukuna. Doka ta wajabta wa otal da gidajen baƙi su sanar da hukuma saukar ɗan ƙasar waje cikin sa'a 24, ta takardar da aka fi sani da Form C. Ƙananan wurare da yawa ba su yi rajistar wannan ba, sai ka iso da dare da shaidar biya a waya su ce ba sa karɓar baƙin waje. Ka buga ka ce kai ɗan Najeriya ne mai bizar karatu, su tabbatar maka a rubuce. Masu karɓar ka a gida ma ka tambaye su ko 'yan sandan yankinsu suna neman a sanar da su. In ana buƙatar fasfonka don haka, a gabanka za a cike, ya dawo hannunka. Ka tafi da fasfo, biza, takardar izinin zama ta FRRO (ofishin rajistar baƙin waje), katin makaranta da wasiƙar shaidar ɗalibta, ka duba cewa babu wadda za ta ƙare kafin ka dawo. Ka yi kwafi huɗu ko biyar ka sa a wani aljihun daban, ka kuma sanar da ofishin ɗaliban ƙasashen waje a rubuce.

A gidan mutane kwana biyu ya isa, baƙo raɓa ne. Ka shiga da kwalin alewar gari ko dabino, ka cire takalmi a ƙofa. Gidaje da yawa a Rajasthan ba a cin nama, wasu ko ƙwai, don haka kilishin da ke jakarka ya zauna a jaka. Tun da rana ka gaya musu kana sallah sau biyar, ka nemi a nuna maka kusurwa mai tsabta, ka kuma faɗa cikin ladabi cewa ba ka cin abin da aka miƙa a wurin bauta. An fi karɓar wannan in an ji shi tun farko, a kan a miƙo maka a gaban jama'a ka janye hannu.

In ka gama wannan shiri, ka rubuta shi a shafi ɗaya: kwanan wata, gari, lambar jirgi mai alƙaluma biyar, lambar PNR mai goma da ke kan tikiti, sunan mai masauki da wayarsa, masaukin ko-ta-kwana, da lissafin kuɗi wanda kashi ɗaya bisa uku ba a taɓa shi sai an shiga matsala. Yayanka za ka fara turawa, ka nemi shawararsa da gaske, ka bar shi ya soke abin da bai yi masa ba. Shi ne ƙofar Hajiya. Ka nuna masa manhajar Where is my Train, da lambar jirgi kawai zai ga tashar da kake daga Kano ko Zariya. Ita kuma ka yi mata alkawarin kira kullum ƙarfe 8:30 na dare agogon Indiya, wato 4:00 na yamma a gida, ta ga fuskarka da ɗakin da za ka kwana. Abokin ɗakinka shi zai riƙe kwafin takardar: in sa'a 12 ta wuce bai ji ka ba, ya kira mai masauki, sannan ofishin ɗalibai, sannan yayanka. In zai raka ka zangon Agra, ya fi, domin "mu biyu ne" tana sauka a kunnen uwa daban da "ni kaɗai".

Mai yiwuwa bayan duk wannan ta sake cewa a'a. To kada ka tafi, ƙanena, kuma kada ka yi mata fushi a waya. Ka roƙi ƙarami: Agra da safe a Gatimaan, ka dawo da yamma ka kwana a ɗakinka. Delhi kanta ba ka gan ta ba. Jirgin cikin gari zai kai ka masallacin Jama Masjid da Sarki Shah Jahan ya kammala a 1656, da hasumiyar Qutb Minar, da kabarin Sarki Humayun. Ka yi sallar Juma'a a Jama Masjid ka tura mata hoton farfajiyar cike da sahu. Wadda ta ga ka je ka dawo sau uku a lokacin da ka faɗa, ba da kunne ɗaya za ta saurari roƙo na huɗu ba. Ka sake tambaya a Fabrairu ko farkon Maris, hazo ya wuce, zafin Mayu da ke haura digiri 45 a Rajasthan bai iso ba. Ka dai kauce wa makon Holi, bikin watsa launuka na Hindu, lokacin jirage a cike suke.

Yau da dare ka rubuta wa mutumin Jaipur cewa ka kama masauki. Gobe a aji ka tambayi wa ke tafiya gida hutu, kuma wane gari. Allah ya sanyaya zuciyar Hajiya, ya saka wa yayanka da alheri, ya kai ka ya dawo da kai lafiya.